Shin majalisar jiha kaɗai za ta iya tsige gwamna?

Ka tambaya ko 'yan majalisar jiha na iya tsige gwamna su kaɗai. Ba za su iya ba. Sashe na 188 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi cewa sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar sun sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku sun amince a yi bincike, sannan Babban Alƙalin jihar ya naɗa kwamitin mutum 7. Idan kwamitin ya wanke gwamnan, magana ta ƙare. Tsallake waɗannan matakai babbar ɓarna ce, kuma shi ya sa Kotun Ƙoli ta soke tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo a 2006.