Amsa ga mai zomanyar da ta haihu ba zato

Salamu alaikum ƴan gurup, ina kwananmu, ya ɗari. Ƙanena na Garin Malam, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce ka sayo zomaye biyu a kan duka mata ne, yau da asuba ka iske ƴaƴa 7 zube a ƙasan keji, uwar ko kallonsu ba ta yi, kana tambayar wace madara za ka saya ka ba su. To ni dai ba maganar madara na ji a muryarka ba, tsoro na ji, kana ganin ta ƙi su. Ba ta ƙi su ba. Aje kuɗinka.

Amma tsaya tukuna. Namijin yana ina? In har yanzu yana kejin nan tare da ita, dakatar da muryar nan ka je ka fidda shi, sannan ka dawo ka ƙarasa ji. Da gaske nake. Zomanya ba tunkiya ba ce da ke da lokacin neman rago, ita barbarar ce da kanta ke sa ta ɗauka, kuma tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Cikinta kwana 31 ne, wani lokaci ya ragu da ɗaya ko ya ƙaru da ɗaya. Sai ka ga wasu sun zo waɗannan ba su isa yaye ba, ita kuma ta rame ta zama ƙashi. Tunda dai sun kwana tare, rubuta ranar yau a bango, in kwana 28 ya cika ka shirya mata wurin haihuwa ko da ba ka ga alama ba.

Yauwa, ƴaƴan. Nemo ƙaramin kwali mai ɗan zurfi, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi, ka tattara gashin nan da ta tuge daga ƙirjinta da cikinta, kar ka share shi, shi ne bargonsu. Ka kwashe su ka haɗa wuri guda ka lulluɓe. Kar ka jira ta kwashe su da kanta, ba kyanwa ba ce, zomanya ba ta ɗaukar ɗa da baki ta mai da shi gida. Wanda ya faɗo waje, in ba kai ka mayar ba, nan ɗari zai kashe shi, ga su tsirara ba gashi, ga hunturun nan namu na Damagaram. Wanda ka taɓa ka ji ya yi sanyi kamar ya mutu, kar ka yi saurin jefarwa, sa shi cikin rigarka jikin fata, da yawa suna farfaɗowa. Zancen wai in ka taɓa su za ta ƙi su, ni kullum ina taɓa nawa. Ka dai wanke hannu, ban da turare, ka shafa jikin uwar tukuna.

Abin da ya tsorata ka kuwa, haka Allah ya yi ta. Sau ɗaya take ba su nono a yini, in ta yi yawa sau biyu, kuma ba ta kai minti 5 a kansu, galibi cikin dare ko goshin asuba kana barci. Waɗanda ke kiwo a ƙasa cikin ɗaki sun san wannan, tana shiga rami ta shayar, ta fito ta toshe bakin da ƙasa ta yi tafiyarta kamar ba ta aje komai ba. Ɓoye su take yi. Saboda haka ba ita za ka duba ba, cikinsu za ka duba da safe. In ya yi tim, fata ta miƙe, sun sha. In ka ga fata ta yamutse, suna ta mutsu-mutsu har kwana biyu, sannan ne za ka riƙe ta a hankali a bisa kansu su kama. Madarar gari kuwa a'a. Maiƙon nonon zomanya ya ninka na saniya kusan sau 3, madarar ba ta riƙe su, sai zawo, kuma garin ɗura musu take bi ta hanci ta shaƙe su. In abin ya ƙi, ka yi magana nan, wanda tasa ta haihu cikin kwana ukun nan sai a raba mata biyu ko uku.

Ruwa. Ruwa, ƙanena, kar kwanonta ya bushe ko na awa guda. Mai shayarwa tana shan lita guda a yini, har fiye in ana zafi. Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Lokacin da na fara, mutumin da ya saida mini ya dube ni ya ce zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, wai in ka ba shi ruwa ma ciki ke kumbura. Dattijo ne, na yarda. Bazara ce, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, ruwan bido, wato jarka, muke saye, na ce to an rage mini wahala. Zomanyata ta haifi 8. Washegari na iske biyu, sauran ta cinye, sai ƴan ƙafafu. Ƙishirwa ce, haihuwa ta zuƙe ta ba abin da za ta sha. Na koma wurinsa, ya ce wai muguwar zomanya ce in yanka ta. Ban yanka ba, na aje mata ruwa, ta yi mini haihuwa biyar bayan nan ba ta ƙara taɓa ɗa ko ɗaya ba. Kuma har gobe yana nan yana gaya wa yara masu sayen zomo wannan magana, ranar nan ma na ji wani yaro yana maimaita ta a bakin masallaci. Mutum ya ƙi cewa ban sani ba, ya gwammace... to, bari dai, Allah ya kyauta.

Af, na yi gaggawa ɗazu da na ce namiji. Ba ka faɗi yaushe ka sayo su ba. In bai kai wata guda ba, da cikinta ta zo, ta yiwu ɗayar ma mace ce, kuma ita ma ka sa mata ido. Kifar da ita bisa cinyarka ka danna gaban a hankali, na mace tsaga ne, na namiji zagaye yake fitowa kamar bakin bututu. Ko ma mene ne raba su, wata macen ma tana tattake ƴaƴan wata.

Abinci ka ƙara mata, harawa, dussa, ɗan ganyen zogale, amma kar ka canza mata abin da ta saba ci gaba ɗaya yau. Kejin ka rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, ƙafafunsa ka sa cikin gwangwani da ruwa saboda cinnaka, ka toshe inda gafiya za ta bi. Yaran gida kuma ka hana su zuwa kallo, na san yanzu duk unguwa ta ji, hayaniya ke sa ta tsalle cikin kwali ta taka su. Ido sai kwana 10 zuwa 12 suke buɗewa, kar ka ce makafi ne, wajen sati 3 su fara fitowa suna tsakurar ganye, yaye sati 6, in sun kai wata 3 ka ware maza da mata, in ba haka ba abin yau ne zai maimaita.

Je ka fidda ɗayan yanzu, ka zuba ruwa. Gobe bayan sallar asuba ka buɗe kwalin ka ɗauko mini hoton cikinsu ka turo nan in gani.