Amsa ga mai tambaya kan ledar da ta ƙi karɓar aure

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka zuba ledar polietilin cikin asid na akirilik, aka haska da hasken gama (gamma, haske mai ratsa abu da kobalt-60 ke fitarwa) don asid ɗin ya kama jikin ledar, ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ita kuwa ledar nauyinta bai ƙaru ba. Wallahi na sha wannan wahalar, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Aikin nan kamar auren mangwaro ne. Hasken kobalt-60 yana tsinka haɗin kabon da haidurojin a jikin ledar, sai ya bar radikal, wato gurbi mai elektron guda da ba shi da abokin zama. A gurbin nan reshen, wato sarƙar asid ɗin, yake kamawa. To hasken ba ya zaɓe, yana haifar da radikal a cikin ruwan ma, sai asid ɗin ya yi ta sarƙa da kansa ya ƙyale ledar. Yauƙin da ka gani ke nan. Ka sa ɗan gishirin Mohr (wani sinadari mai ƙarfe a ciki), ƙarfen cikinsa yana kashe na cikin ruwan. Kar ka cika hannu, don idan ya yi yawa har na jikin ledar zai taɓa. Sannan ka kore iskar oksijin da naitirojin kafin ka rufe kwalbar.

Amma tunda a Katsina kake, injin gama kuwa yana can Sheda kusa da Abuja, ni da za ka ji tawa, ka haska ledar ita kaɗai a cikin iska. Radikal ɗin sai su haɗu da oksijin su koma feroksaid, su kuwa suna jure ajiya. In ka dawo sai ka sa ta cikin asid ɗin ka ɗumama zuwa digiri 60 ko 70, aure ya kama.

Na taɓa haska tawa cikin naitirojin, na jefa a but ɗin mota a watan Afrilu. Kafin mu wuce Funtuwa jakar ta yi zafi kamar an ɗauko daga tanda. Na kwana uku ina aunawa, sikeli bai motsa ba, don zafin ya kashe radikal ɗin. Tun daga nan a cikin kula mai ƙanƙara nake ɗauko ta.

Ka wanke ta sosai da ruwan zafi, ta bushe ƙarau kafin ka auna, in ba haka ba yauƙin da ya manne zai ruɗe ka. Kuma ka kwantar da hankalin mutanen gida: ledar da aka haska da kobalt-60 ba ta fitar da haske daga baya.

Allah ya ba da sa'a. Ka turo mana nauyin farko da na ƙarshe.