Shuke-shuken Ƙawata Gida da Lafiyar Yara: Amsoshin Wasiƙu

Wata uwa ta rubuto cewa ta tarar da ɗanta mai shekara 3 yana taunar ganyen oliyanda, wata shukar ƙawata gida mai fure da ta shuka a bakin ƙofa, sai ta ba shi madara, kuma tana tambaya ko hakan ya wadatar. Hajiya, bai wadatar ba, Allah ne ya kiyaye. Oliyanda guba ce tun daga saiwa har fure, ɗanya ko busasshiya, domin tana ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, kuma amai da kasala da raguwar bugun suna iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana, shi ya sa ganin yaro yana wasa ba hujja ba ce ta cewa ya tsira. Na sha faɗa cewa madara ba ta karya wannan guba, tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai kuwa yana iya shaƙe shi, amma har yanzu wasiƙu irin wannan ba su daina zuwa ba. Idan hakan ya sake faruwa, ki cire abin da ya rage a bakinsa, ki kurkure masa, ki garzaya asibiti da reshen a leda domin likita ya san abin da ya ci. Ƙariya, wadda ake dasawa a tukunya saboda kyan furenta, danginsu ɗaya da oliyanda, gubarsu ma iri ɗaya. Idan kin sare oliyandar kada ki ƙone ta, domin hayaƙinta ma yana cutarwa.

Wani magidanci yana neman sunan maganin feshin da zai kashe shingen bini da zugu. Malam, riƙe kuɗinka. Ban ga hikimar zuba wata guba a inda yara ke wasa ba, alhali diga da safar hannu sun isa a tumɓuke shi da saiwarsa. Idan kana son shingen, ka riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ɗanyu, domin ƙwayar tana da ɗan daɗi a baki, yaro kan ci da yawa, sai amai da gudawa su zuƙe masa ruwan jiki.

Ga mai tambaya kan idon zakara da zurma: ƙwaya kaɗan da aka tauna tana iya kisa, don haka kada a bar su a gidan da ke da ƙananan yara.