Ku Tambaya Mu Amsa: Gidajen Murjani na Sawakin

Tambaya: Kakana ya je Hajji ta ƙasa, ya ce a Sawakin suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma gidajen garin da dutsen teku aka gina su. Yaya ginin yake, kuma me ya sa a hotuna sai kufai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kakanka gaskiya ya faɗa. Sawakin ƙaramin tsibiri ne a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, kudu da Bur Sudan, kuma nan ce mashigar alhazan Afirka ta Yamma shekaru aru-aru. Dutsen da yake nufi murjani ne, wanda ake sarowa daga teku. Yana da taushi in an fito da shi, sai a sassaƙa shi kamar tubali, ya ƙara ƙarfi in ya bushe. Ɓarɓashinsa kuma a ƙona shi ya zama farar ƙasa, da ita ake haɗa kwaɓin gini da na yaɓe.

Amma murjani cike yake da ƙananan ramuka, ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai. Don haka bayan 'yan sahu na dutse, magini yakan shimfiɗa itace a kwance cikin bango, ya ɗaure ginin kamar ɗamara, har a kai bene biyu ko uku. A ƙasa akwai dihliz, wato zaure, da ɗakin baƙi. Iyali suna sama. Abin da ya fi jan ido shi ne roshan, tagar katako mai ragaraga da ke turo kai bisa titi, iska ta shiga, na ciki ya ga waje ba a gan shi ba.

Rushewar ta faro ne bayan da Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905, saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci. 'Yan kasuwa suka ƙaura, aka daina yaɓe. Nan ne ajalin irin wannan gini. Da zarar yaɓe ya zube, laimar teku da gishiri sukan ratsa dutsen, itacen cikin bango ya ruɓe, sahun da ke kansa ya zauna, bango ya tsage ya kife. TIKA, hukumar Turkiyya mai ayyukan taimako a ƙasashen waje, ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da ginin kwastan, saura kuwa yawanci tarin duwatsu ne.

Tambaya: Me zai hana a shafe su da siminti a huta? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, siminti ne zai ƙarasa su. Yana toshe numfashin bango, damshi ya maƙale a baya, gishiri ya taru ya cinye dutsen, rana ɗaya filastar ta ɓalle da fuskar murjanin a jikinta. Ƙarfe ma haka: yakan yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa dutse.

Gyara na gari yakan fara da rufi da indararo, don a tsai da ruwa. Sai a tokare bango, a cire ruɓaɓɓen itace kaɗan-kaɗan ana maye gurbinsa, ba a cire shi duka lokaci guda. Farar ƙasar a jiƙa ta a rami ta kwana aƙalla wata 3, a haɗa awo 1 da yashi awo 3. Yashin kuma kada ya zama na bakin teku sai an wanke shi da ruwan daɗi. A yi yaɓe hawa uku marasa kauri, ana yayyafa ruwa ana rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin in rana ta busar da shi da wuri sai ya zama gari a hannu.