Tambayoyinku: Gimbiya Viktoria Luise, 'yar Kaizan Jamus, da zuri'arta

Tambaya: Salamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Naga hoton bikin Sarauniya Letizia ta Sifaniya da wani kambin daimon a kanta, akace wai asalinsa na wata gimbiyar Jamus ne. Dan Allah wacece ita, kuma ya akayi kayanta ya kai Sifaniya? Daga ƙanwarki a Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya aka faɗa miki. Mai kambin sunanta Viktoria Luise, an haifeta ranar 13 ga Satumba 1892 a Potsdam, kuma babanta shine Kaiza Wilhelm na Biyu, sarkin Jamus na ƙarshe. 'Ya'yansa bakwai, shida maza sai ita kaɗai mace kuma auta, to kinsan yadda abin yake, mutumin da ministoci ke rawar jiki a gabansa ita kam 'yar lelensa ce. Shi ya bata kambin a 1913 lokacin aurenta. Daga hannunta ya koma gun 'yarta Friederike wadda ta zama sarauniyar Girka, ita kuma ta baiwa 'yarta Sofia ta saka ranar da ta auri Juan Carlos, wanda daga baya ya zama sarkin Sifaniya, a 1962, sannan Sofia ta ara wa surukarta Letizia a 2004. Kinga kenan sarkin Sifaniya na yanzu, Felipe na Shida, tattaɓa kunnenta ne.

Amma ni abinda yafi ɗaukar min hankali a labarinta auren ne, bari in ɗan tsaya a kai. Gidan mijinta, gidan sarautar Hanover, da gidan babanta ko ga maciji basa yi. A 1866 Hanover ta goyi bayan Ostiriya a yaƙinta da Prusiya, ƙasar da gidan su Kaiza ke mulka, Prusiya tayi nasara ta haɗiye ƙasar gaba ɗaya, ta kori sarkinsu George na Biyar wanda makaho ne, ta riƙe dukiyar gidan. Haka ya rasu a Paris a 1878 bai sake ganin gadon sarautarsa ba. Da sarautar Braunschweig, wata ƙaramar masarauta a Jamus, ta faɗi a 1884, ɗan George ne ya kamata ya gada, aka hanashi tunda yaƙi yarda ya saki da'awar Hanover, sai riƙon ƙwarya aka dinga yi kusan shekara 30.

Rasuwa ce ta haɗasu. A watan Mayu 1912 wani jikan wancan makahon sarki, Georg Wilhelm, yayi haɗarin mota a cikin ƙasar Prusiya yana hanyar zuwa jana'izar kawunsa sarkin Denmak, ya rasu. Kaiza ya aika ta'aziyya ya kuma sa aka girmama gawar, sai uban mamacin ya turo ƙaramin ɗansa Ernst August ya je Berlin yayi godiya, zumunta ai a ƙafa take. A wannan zuwan suka ga juna da Viktoria Luise, kuma so ne na gaske ba wai manya ne suka ƙulla ba, duk da manyan sun sha zama kafin a daidaita. Sai da saurayin yayi rantsuwar biyayya ga Kaiza ya shiga sojan Prusiya sannan aka ɗaura aure ranar 24 ga Mayu 1913 a Berlin.

Ki duba waɗanda suka zo bikin nan. Sarki George na Biyar na Ingila yazo, Sarki Nicholas na Biyu na Rasha yazo, kuma dukkansu dangi ne na jini, domin uwar ango Thyra da uwar George da uwar Nicholas 'yan uwan juna ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuma George da Kaiza kakarsu ɗaya, Sarauniya Victoria. Baƙi wajen 1,200 suka zauna cin abinci, sarakunan nan uku kowa da kakin soja ana gaisawa ana ɗaukar hoto. Wata 14 kacal bayan nan sojojinsu suka fara kashe juna a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma su ukun basu sake haɗuwa ba har abada. Wlh duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi, auren ya iya kashe gabar shekara 47 tsakanin gidaje biyu amma duk wannan dangantakar bata tare harsashi ko ɗaya ba.

Sarautar ma bata daɗe ba. A Nuwamba 1913 aka naɗa mijin sarkin Braunschweig ita kuma ta zama uwargidan ƙasar, sai ranar 8 ga Nuwamba 1918 ma'aikata da sojojin da suka yi bore suka tilasta masa yin murabus, washegari aka sanar da saukar babanta shima, ya gudu Holan. Shekara 5 kenan. Suka kwashi yara suka koma Gmunden a Ostiriya gun iyayen miji. 'Ya'ya biyar ta haifa, Ernst August a 1914, Georg Wilhelm a 1915, Friederike a 1917, Christian a 1919 sai auta Welf Heinrich a 1923, Friederike itama mace ɗaya cikin maza kamar yadda uwarta ta taso.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Kakanmu yana bamu labarin zamanin Jamusawa a nan garin. Shin wannan Kaiza Wilhelm da ake faɗa shine ya mulki Kamaru? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Malam barka kadai, shine. Jamus ta kafa tuta a bakin tekun Kamaru tun 1884 kafin ya hau, shi ya hau a 1888, amma a zamaninsa ne sojojinta suka haura arewa suka ci Ngaundere da Garwa a 1901, Marwa kuma a farkon 1902. Shine kuma Sarki Njoya na Bamum ya aika wa kujerar sarautarsa mai ado da duwatsun wuya a 1908, har yau tana gidan tarihi a Berlin. Garwa ta fita daga hannunsu a 1915 lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka kewayeta, dutsen Mora ne ya riƙe har Fabrairu 1916. In kakanku na nan da rai dan Allah ku ɗauki muryarsa a waya, irin wannan labarin ba'a samunsa a littafi.

Tambaya: Anti naji ance duk 'yan sarautar Jamus sun bi Hitila. Harda wannan gimbiyar? Kuma ya ƙarshenta ya kasance? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Amsa: Ba duka ba 'yata, amma gidansu bai fita fes ba, kuma bazan rufe miki ba don na yabi aurenta a sama. Yayanta August Wilhelm ya shiga jam'iyyar Nazi tun 1930 yana yi musu kamfen a fili. Ita da mijinta suna mu'amala da manyan gwamnatin, kuma binciken da akayi daga baya ya nuna mijin ya sayi hannun jari a kamfanonin Yahudawa da aka tilasta wa masu su sayarwa. Wannan cin dukiyar wanda aka zalunta ne, ba wani suna da za'a canza masa. A ganina abinda ya jasu kwaɗayin a dawo musu da sarauta ne, ita dai har ta tsufa zuciyarta na zamanin babanta, shi kuwa Hitila amfani kawai yayi da sunansu bai dawo da kowa kan gado ba. A littafin tarihin rayuwarta ta faɗi cewa 'yan Nazi sun so a haɗa Friederike aure da yariman Ingila mai jiran gado wanda ya girmeta da fiye da shekara 20, suka ƙi. Yarinyar Yarima Paul na Girka ta aura a 1938.

A 1945 suna zaune a gidansu na Blankenburg aka ce yankin zai koma hannun sojan Sobiyet, sojojin Ingila ne suka taimaka da manyan motoci aka kwashe kayan gidan zuwa fadar Marienburg kusa da Hanover. A can mijin ya rasu ranar 30 ga Janairu 1953. To daga nan ne abin tausayin, rigima ta ɓarke tsakaninta da babban ɗanta akan kuɗin kula da ita da kuma wanda zai faɗa a ji a gidan, abin har ya fita jaridu, a 1956 ta tattara ta bar fadar. Mutanen Braunschweig, waɗanda garinsu ne ya saukesu daga mulki shekara 38 baya, su suka karɓeta hannu biyu, ta zauna a wani gida a unguwar Riddagshausen tana rubuta littattafai tana zuwa taron taimakon jama'a.

Duk yayyenta shida sun rigata, na ƙarshensu Oskar ya rasu tun 1958. Ta ga jikanta Constantine ya hau gadon Girka a 1964 ta kuma ga an soke sarautar a 1973, ta ga jikarta Sofia ta zama sarauniyar Sifaniya a 1975. Ta rasu a Hanover ranar 11 ga Disamba 1980 tana da shekara 88, aka binneta kusa da mijinta a lambun Herrenhausen. Friederike ta bita bayan wata biyu, a Fabrairu 1981 a Madrid.