Asalin sunan ƙauyen Gotham

Malam, ka tambayi asalin sunan Gotham, ƙauyen da ke gundumar Nottinghamshire a Ingila, da dalilin da ya sa mutanen wurin suke kiransa "Gotam". A kundin ƙidayar filaye na Domesday na shekarar 1086, Gatham aka rubuta, kuma kalmomi biyu ne na tsohon Turanci aka haɗa: gat, wato akuya, da ham, wato gida ko shinge. Ke nan t da h kowanne daga kalmarsa ya fito, ba sautin "th" guda na Turanci ba ne, don haka a ganina furucin mazauna ƙauyen shi ne daidai. Wasalin a na gat kuwa ya rikiɗe ya koma o wajen ƙarni na 13, kamar yadda stan, wato dutse, ya koma stone.