Amsa ga ƙanenmu ango mai son kai amarya cin faranti takwas a Abuja

Wa alaikumus salam, ƙanena ango. Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na sauke tukunya na samu zama. Ka ce wata mai zuwa aurenku zai cika shekara, kana so ka ɗauki amarya daga nan Zariya ku je wani babban gidan abinci a Abuja, inda ake kawo ƙananan faranti takwas ɗaya bayan ɗaya, abin da suke rubutawa tasting menu a takardarsu, wato jerin ɗanɗano. Ka ce kuɗin mutum ɗaya ya haura naira 70,000, wato ya fi mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Kana tambaya ko abin ya kai kuɗinsa.

Na ga wasu sun ce maka almubazzaranci ne, wasu sun ce je ka kawai, rai dangin goro ne. Ni na yi shekaru a kicin ɗin wani otal a Abuja kafin na dawo gida Samaru na kama girkin biki da na taro. Na ga harkar ta ƙofar baya, na kuma zauna a teburi na biya da kuɗin jakata. Abin da na sani shi ne akwai wuraren da abin ya kai kuɗinsa har da ƙari, amma 'yan kaɗan ne, kuma ba a hoton Instagram ake gane su ba.

In ƙoshi kawai kake nema, da rubu'in wannan kuɗin za ku ci ku bar saura a PZ ko Kwangila, har ku yi wa mutan gida tsaraba. Jerin da aka tsara da kyau yana ƙosarwa daga ƙarshe, amma a hankali, cikin awa biyu zuwa uku. Abin da kake saye a can aikin hannu ne, da lokacin mutanen da ba za ka gani ba.

Ɗauki romon nan da za ka ga an ɗiga cokali biyu a gefen nama. A kicin ɗinmu ƙashin sa ake fara gasawa har ya yi ja ya soma ƙamshi, a juye a babbar tukunya da albasa da karas, a zuba ruwan sanyi, a rage wuta yadda ba zai tafasa ba, sai dai ya riƙa ɗan motsi. Haka zai kwana. Akwai yaron da aikinsa ke nan, yana tsaye da ludayi yana kwashe kumfa da maiƙo, don in suka koma ciki romon ya gurɓace ke nan. Da safe a tace da ƙyalle, a mayar wuta, a bar shi yana tsotsewa har tukunyar da sai mutum biyu ke ɗaga ta ta koma 'yar roba guda. In ya huce daskarewa yake yi, da wuƙa ake yanka shi. In ka sa a baki za ka ji leɓɓanka suna mannewa. To a kowane faranti cikin takwas ɗin nan akwai irin wannan abu uku ko huɗu, kowanne da mai yin sa, wani tun shekaranjiya aka ɗora shi.

Shi ya sa lissafin masu harkar yake yadda yake. Kayan abincin da ke kan farantin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ka biya. Sauran albashi ne, da haya a Maitama ko Wuse 2, da dizal, don firiza da ɗakin sanyi ba sa kwana a kashe. Ga shi teburin da kuka zauna ba mai sake zama a kansa daren nan. Ko a Turai da ba su san ɗauke wuta ba abin yana gagara. Gidan abincin da ake kira Noma a birnin Kofanhegan na Denmark, wanda sau biyar ana zaɓensa na ɗaya a duniya, a Janairun 2023 mai shi René Redzepi ya sanar cewa za su daina buɗewa yadda suka saba, don tsarin ba mai ɗorewa ba ne. ElBulli na Sifaniya, da mutane ke rububin samun kujera a cikinsa, ya rufe a 2011, kuma shi kansa gidan abincin ba riba yake kawowa ba. Saboda haka in ka ga tsada, ba lallai cuta ba ce.

Amma kuma kada ka ɗauka don Allah suke yi. Wannan tsarin yana yi wa mai gidan daɗi. Ya san mutum nawa za su zo, ya san abin da kowa zai ci, cefanensa daidai, ba abin da zai lalace a firij. Dalilin ke nan da za su ce sai ka biya kafin alƙalami, kuma duk wanda ke teburin dole ya ci jerin, ba dama kai ka ci takwas amarya ta ce ita shinkafa take so.

Inda matsalar take a ƙasar nan shi ne kwaikwayo. Kai ɗan Zazzau ne, ka san babbar riga. Akwai aikin hannun da mutum zai zauna a zaure cikin birni ya yi wata da watanni yana soka allura, akwai kuma na keke da ake bugawa a yini guda. Daga nesa duk aska takwas ce, sai ka juya bayan rigar za ka gane. Sayen babban farin faranti da ɗora 'yar loma a tsakiya da ɗan fure ba shi da wuya, ko ni zan yi maka gobe. Na taɓa zama a wani wuri irin wannan a Abuja, aka kawo jatan lande, ina sa cokali ruwa ya fito ya kwanta a farantin, alamar daga firiza aka ciro shi aka narkar cikin gaggawa. Miyar da aka ja layi da ita a gefe ta kwalba ce, na san ɗanɗanonta, ana sayar da ita a kanti. Faranti na uku da na biyar miya ɗaya ce aka canja wa launi. Na tambayi yarinyar da ke kawo abincin me aka sa a ciki, ta ce bari ta tambayo, har muka tashi ba ta dawo da amsa ba. Ban ga laifinta ba, ba a koya mata ba ne. Raina ya ɓaci ranar, ba don kuɗin kaɗai ba, don na san akwai yaran da ke kwana a tsaye suna yin na gaskiya, irin waɗannan wuraren kuma su ke sa mutane su ce duk harkar damfara ce.

Na kuma ci wanda har yau ina tuna shi, a Legas. Kukun ɗan ƙasar nan ne, kayan gida ya yi aiki da su. Ya kawo yankan kifi bai fi faɗin yatsu uku ba, fatar ta soyu tana ƙaras-ƙaras, tsokar kuma fara sol tana rabewa da kanta. A ƙarƙashinsa acca ce da aka turara a romon kan kifin, a gefe kuma miyar yakuwa da aka tace ta yi santsi, da ɗan ƙamshin daddawa can ƙasa-ƙasa, ba mai bugun hanci ba. Ni da na tashi ina cin yakuwa tun ina yarinya, ban taɓa sanin tsaminta zai iya zama haka da kifi ba. Da na dawo sai da na canja yadda nake yin tawa miyar. Wannan kam ban yi da-na-sanin ko kwabo ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da sunan Michelin. Kamfanin taya ne na Faransa, ya fara buga littafin jagorar matafiya a 1900, ya soma ba gidajen abinci tauraro a 1926. Masu binciken nasu a ɓoye suke zuwa, su biya kuɗinsu kamar kowa. Ba su shigo Nijeriya ba, kuma gidan abinci ake ba tauraron, ba kuku ba. In ka ga an rubuta sunan a talla a Abuja, iyakarta kukun ya taɓa aiki a wani gida mai tauraro a waje. Abin da ke faranta mini rai shi ne a Landan abincinmu ne ke karɓar taurarin yanzu. Adejoké Bakare, wadda a Kaduna ta tashi, gidan abincinta Chishuru ya samu tauraro a 2024, ita ce baƙar mace ta farko da ta kai ga haka a Birtaniya. Gidan abincin Ikoyi, shi ma a Landan, yana da taurari biyu tun 2022. Don haka in wurin da za ka yana alfahari da cewa komai nasa daga jirgi aka sauke shi, ni wannan ba ya burge ni. Dala kake biya, da kayan da suka kwana a hanya.

Sai maganar da ta fi kowacce, wadda ban ga kowa ya taɓo maka ba: halal. A girkin Turawa giya kayan miya ce. Romon nan da na ba ka labari, a littattafansu da dama da jar giya ake wanke kaskon da aka gasa ƙashin. Za su ce maka wuta ta ƙone ta, amma ba ta tafiya duka. Girkin Japan yana da mirin, shi ma da giya a ciki. A kayan zaƙi akwai jelatin da ake daskarar da su, wani daga alade ake yin sa, wani kek ɗin kuma ana jiƙa shi da barasa. In kai ka zaɓi abincinka, abu ɗaya za ka bincika. A jerin ɗanɗano kuwa kuku ne ya zaɓa maka, abu takwas ne, kowanne da 'ya'yansa. Ka buga musu waya kwana biyu ko uku kafin ranar, ka ce a haɗa ka da wani daga kicin, ba mai karɓar baƙi ba. Ka tambaye shi kai tsaye: akwai giya a miya ko a kayan zaƙi? Akwai alade ko kitsensa? Naman yankan wane ne? Kicin na ƙwarai zai amsa maka faranti bayan faranti, har ya gaya maka abin da zai canja. Wanda ya ce "babu damuwa, Alhaji, komai lafiya" ba tare da ya duba ba, ka bar masa abinsa. A wannan wayar kuma za ka gane ko aikin hannu ne. Ka tambaye shi yaushe suka canja jerin, kuma me ke cikinsa na wannan lokacin. In damina da rani abu ɗaya suke kawowa, to firiza ce ke girkin. Abin sha da suke haɗawa da kowane faranti galibi giya ce, ka ce a cire, ko a ba ku na zoɓo da tsamiya da citta in suna yi.

Kuɗin da ka gani a takarda ma ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5, akwai kuɗin hidima da yawanci kashi 10 ne, ruwan gora ma da kuɗinsa. Ana farawa ne bayan magariba, kafin ku tashi goma ta yi, ba kuma zan ba ka shawarar ka ɗauko 'yar mutane ka hau hanyar Kaduna a wannan daren ba. Ke nan akwai masauki, akwai mota zuwa Rigasa da tikitin jirgin ƙasa zuwa Kubwa ko Idu, zuwa da dawowa. Ka haɗa duka a takarda tukuna. In bashi za ka ci, ko za ka taɓa kuɗin haya ko na cefanen wata, ƙanena, ka haƙura bana. Ba a jin daɗin loma in zuciya tana lissafi.

To ita amaryar fa, ka tambaye ta? Ka ce kana so ya zo mata ba zato. Na sha ganin mata a irin teburin nan, an kawo nama da ja a tsakiya ko kifin da bai ga wuta ba, ta ɗan taɓa gefe ta ajiye cokali, tana murmushi don kada maigida ya ji ba daɗi, ta koma masauki da yunwa. In amaryarka mai son gwada sabon abu ce, irin masu kallon girki a waya su tashi su shiga kicin, za ta more, za ta riƙa ba da labarin shekara da shekaru. In kuwa ita ce mai cewa a ƙara soya naman nan, a kawo yaji, to ku je wannan gidan dai, ku zauna a wannan teburin, amma ku zaɓa da kanku. Ku ɗauki ƙananan abubuwa biyu ku raba, kowa ya ɗauki babban faranti daban ku ɗanɗana na juna, ku rufe da kayan zaƙi ɗaya. Za ku ga hannun kukun sarai da kuɗin da bai kai wancan ba. In da rana kuka je ma ya fi sauƙi, don wurare da dama suna rage kuɗin abincin rana. Ni da ƙanena na ciki ɗaya ne, wannan zan ce ya fara da shi, in hannun ya yi musu, baɗi su koma su ci takwas ɗin.

In ka yi wayar, ka rubuto mini abubuwan da suka lissafa maka da amsar da suka ba ka kan miyar, in duba maka kafin ka tura musu kafin alƙalami.